Kwanan da na yi a Flam, yammacin Norwe

Jirgin ƙasan Oslo zuwa Bergen yana cin kusan awa 7, kuma tun 1909 ake bin wannan layi. A watan Yuni na hau, lokacin zafinsu ke nan, amma da muka isa Finse, tashar da ta fi kowacce tudu a layin, mita 1,222 sama da teku, ƙanƙara na kwance a kan duwatsu, tafkin ma bai gama narkewa ba. Rigar sanyi ta zama a hannu, kada a tura ta ƙasan akwati.

A Myrdal na sauka na koma ƙaramin jirgin da ke gangarawa Flam. Tazarar kilomita 20 ce kacal, sai dai a cikinta ake sauko da mutum daga tudun mita 866 zuwa bakin ruwa, shi ya sa jirgin ke tafiya a hankali, birki na ƙara, har kusan awa guda. Ramuka 20 yake ratsawa cikin dutse, 18 daga ciki da hannu aka fasa su kafin a buɗe layin a 1940. A Kjosfossen ana tsayawa 'yan mintuna kowa ya fito. Ruwa ne ke zubowa daga kan dutse da rugugin da ba ka jin maganar na kusa da kai, feshinsa na jiƙa fuska da gilashin waya. Sun sa wata mata mai jar riga tana rawa a gefe da kiɗa, wai aljanar tatsuniyarsu. Ni dai da an bar ruwan shi kaɗai ma ya wadatar.

Yawancin baƙi a yini ɗaya suke gama komai: jirgin ƙasa, jirgin ruwa, bas, su kwana a Bergen. Ni na kama ɗaki a Flam, kuma shawarar da nake ba duk mai niyyar zuwa ke nan. Da rana garin cike yake da mutanen manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido, ko wurin zama sai an yi jira. Da yamma jiragen suka ɗaga, shaguna suka rufe, sai na ji ashe ƙarar ruwa na sauka ta kowane ɓangare na kwarin. Rana ba ta faɗi ba sai wajen 11 na dare, duhu kuwa bai shiga sosai ba har gari ya waye. Musulmin da zai zo a irin wannan lokaci ya tambayi malaminsa tun daga gida yadda zai yi da isha'i da asuba, don shafaƙi ba ya ɓacewa.

Washegari na bi jirgin ruwan farko zuwa Gudvangen, tafiyar awa 2. Da lantarki yake aiki, babu hayaƙi babu ƙugin inji. Muka wuce Undredal, ƙauyen da ya yi suna da cukwin awaki mai ruwan ƙasa-ƙasa, wanda ɗanɗanonsa ya fi kusa da alawar madara. Daga nan muka shiga Nærøyfjord, hannun teku da ya kutsa tsakanin duwatsu, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 2005. Inda ya fi matsewa faɗinsa mita 250 ne, duwatsun kuma sun haura mita 1,000 hagu da dama. Can sama na hango gidan gona maƙale a gefen dutse. Ana ba da labarin cewa a da da tsani ake hawa, in mai karɓar haraji ya doso sai a janye tsanin.

Abinci ne ke cinye kuɗi a ƙasar nan. Na riƙa sayen burodi da kifin gwangwani a kanti, ruwan famfo kuma ana sha ba fargaba, gora kawai za ka riƙe. Tsabar kuɗi ba ta yi mini amfani ba, ko ban-ɗaki da kati ake biya. Daga Gudvangen bas ta kai ni Voss, na sake hawa jirgin ƙasa, muka shiga Bergen ana tsuga ruwan sama.