Mijin Yaya da sashe na 26

Laraba, bayan sallar isha'i.

Yau da azahar Yaya ta shigo ta tarar na baje takardu a tabarma ina bitar darasin tsarin mulki. Ta ce, "Ke ƙanwata mai karatun lauya, wai me dokar ta ce a kan baban yara?"

Mijinta ɗan Maraɗi ne, ya daɗe yana ɗinki a Katsina. Na buɗe mata kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 26. Baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya tana iya neman a yi mata rajistar zama ƴar ƙasa. Baƙon da ya auri ƴar Najeriya kuwa ko ambatonsa ba a yi ba. Shi sai ya bi ta sashe na 27: zaman shekara 15, gwamna kuma ya shaida cewa mutanen gari sun karɓe shi, da wasu sharuɗɗan.

Ta yi shiru. Can ta ce, "To ai matar yayanmu ƴar Damagaram ce. Wato aurensa ya ishe ta, nawa bai ishi mijina ba?"

Wallahi abin ya tsaya mini a rai, don sashe na 42 na wannan kundin shi ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda mace ce ko namiji. Kenya ta warware wannan tun 2010: duk wanda ya shekara 7 da auren ɗan ƙasa ko ƴar ƙasa yana iya neman rajista. Nijar ɗin da mijin Yaya ya fito ta gyara dokarta a 2014. A Botswana kuwa Unity Dow, da ta auri Ba'amurke, ta kai gwamnati ƙara don an hana ƴaƴanta zama ƴan ƙasa ta wajen uwa, ta ci nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 1992. Mu dai ta nan mun tsira, ƴaƴan Yaya ƴan Najeriya ne ta wajenta.

Na faɗa mata an kai ƙudirin gyara sashe na 26 ɗin majalisar tarayya, ranar 1 ga Maris 2022 aka kayar da shi, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar a Abuja.

Da za ta tafi ta ɗaura goyonta, ta ce in rubuta mata lambar sashen a takarda, za ta nuna masa. Na rubuta mata 26 da 42 duka.