Tsohon buji ya raba ni da asarar dalma

Jiya Lahadi na koma gida da giwan ruwa mai kilo 3 da 'yan kai, kuma ƙugiya ko ɗaya ban bari a gindin kogi ba. Duk wanda ya ji kukan da nake yi tun farkon Oktoba kan yadda duwatsun kogin Isa tsakanin Gudel da Bubon, kusa da Yamai, ke cinye mini ƙugiya da dalma, wato nauyin da ke nutsar da zaren fatsa, zai gane abin da ya hana ni yin shiru.

Kun san halin kogin Isa da kaka. Jan ruwan da kogunan Sirba da Dargol ke kwarowa da damina ya ja baya, ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine kuma sai wajen Janairu yake kai ƙarshen cikarsa a Yamai. Duwatsun da muke zama a kansu a watan Mayu duk sun nutse, ba ka ganin komai sai ruwa yana murɗawa a samansu. A bayansu giwan ruwa ke laɓewa tana dakon ƙananan kifaye. To can nake jefa fatsa, can kuma nake tsiyacewa.

Fita huɗu, dalma 11 da ƙugiya 9. Da na lissafa da zaren da na tsinke, jika shida ta wuce. Uwargida har ta ce da kifin kasuwa na saya da mun fi cin riba. Na rage nauyin dalma, ruwa ya kwashe ta ya cusa cikin tsaguwar dutse. Na ƙara nauyi, ta nutse ta maƙale tun kafin ƙaramar karfasar da na sa a ƙugiya ta motsa. Ranar nan na ja da ƙarfi cikin fushi, kwalekwale ya karkata har ruwa ya shigo mini wando.

Wani dattijo Basarke ne ya gaji da kallona. Ya matso da jirginsa ya ce, "Yaro, kai da dutse kake kokawa? Ba shi abin da yake so, ka riƙe naka." Na ce, "Baba, yaya ke nan?" Ya zaro tsohon bujin babur, wato fulogi, daga aljihu.

Ga ɗaurin. Babban zare lamba 50. Ƙugiya a reshenta, kamu biyu sama da ƙarshen zare. Buji a can ƙasa a madadin dalma, amma da siririn zare lamba 25 ake ɗaure shi, a lanƙwasa ɗan ƙarfen bakinsa ya zama zobe. In ya maƙale, fizga ɗaya siririn ya tsinke, ƙugiya da kifi su taho. Jiya buji uku na ba kogi sadaka, kuma kyauta na kwaso su wurin mai gyaran babur na unguwarmu. Sai dai a wanke su da omo sosai, don warin baƙin mai yana kama hannu ya koma kan abincin kifi.

Da giwar ta ɗauka, bujin yana maƙale. Na ji ɗan "tas" a yatsana, sai zare ya saki dutse ya bi kifi. Wallahi sai da na yi kabbara ni kaɗai a tsakiyar ruwa.

Abin da ya rage shi ne tsayar da kwalekwalen. Dutsen da nake saukewa da igiya a gefe na ɗaure shi, ruwa kuwa sai ya bugi cikin jirgin yana neman kifar da ni. Lahadi mai zuwa zan mai da igiyar goshi, da ƙullin da ake warwarewa da ja ɗaya, saboda dorina ba ta jiran mutum ya kwance ƙulli.