Sai tururi ya shiga cikin kwalba

A ɗakin gwajin ruwan sha na gane cewa ƙaramar kwalbar gilashi da ake ɗibar samfur a ciki tana iya ɓata aikin kowa. Idan da bakteriya a cikinta tun kafin a zuba ruwa, sai a ɗora wa rijiyar mutane laifin da ba nata ba, a hana su sha.

Wanki ne farko: sabulu, ɗan buroshi har gindin kwalba, sannan ɗauraya da tataccen ruwa. Dattin da ya bushe a jikin gilashi yakan kare ƙwayoyin cuta daga zafi.

Daga nan sai otokilef, tukunyar tururin da Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur, ya ƙera a Faransa a 1879. Ƙa'idar da kowa ya haddace ita ce digiri 121 na tsawon minti 15, ana fara ƙirga daga lokacin da zafin ya kai. Abin da ba a cika haddacewa ba shi ne tururin ne ke kisa, kuma sai ya taɓa wurin. Kamar dambu ne a madambaci, inda tururi bai ratsa ba ɗanye ne. Idan aka ɗaure murfin kwalba tamau, busasshiyar iska ce kawai a ciki, ita kuwa a digiri 121 ba ta gama da ƙwayoyi masu taurin ɓawo cikin minti 15. Shi ya sa nake sassauta kowane murfi, in lulluɓe shi da takardar alminiyam, ba na ɗaurewa sai kwalaben sun huce.

Tef ɗin da ake liƙa wa kayan da za a sa a otokilef, mai fitar da baƙaƙen layuka idan ya sha zafi, shi ma ina ganin an ba shi matsayin da ya fi ƙarfinsa. Shaidarsa ita ce kaya sun shiga zafi. Bai san abin da ke cikin kwalba ba. Don haka a kowane zagaye nakan ware kwalba ɗaya, in zuba mata ruwa mai tsarki daga ƙwayoyi, a gwada ta tare da sauran.

Gilashi zalla yana iya shiga oben, digiri 160 na awa 2, amma ban da murfin roba. Idan kuwa aka ɗauke wuta ana tsaka da aiki, ko minti nawa aka ci, da dawowarta sai a koma farkon ƙirga.