Idan an buɗe wa dattijonku jijiyar zuciya

Ƙannena masu jinyar iyaye, ranar sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen aiki ba. Likita kan zura siririn bututu ta wuyan hannu ko matsematsi, ya hura 'yar balan-balan inda jijiya ta toshe, ya bar ragar ƙarfe da ake kira sitent. Jini ya samu hanya, amma zuciyar da ta jigata takan rikita bugu: wata ta yi gudu, wata ta yi sanyi.

Da muka dawo da Baba gida Garwa daga Yawunde bayan an sa masa sitent, bisoprolol ɗinsa, maganin rage gudun zuciya, ya ƙare. Na ga yana zuwa masallaci da ƙafarsa, sai na ce a jira albashi. Ashe wannan magani ba a yanke shi kwatsam, zuciya zabura take yi. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga maganin furosemide yana sa shi fitsari, yana wanke sinadarin fotasiyam mai daidaita bugu. Da ya dafe ƙirji ya ce, "Kai yaro, kamar ana kaɗa kalangu a nan," na ɗauka faɗuwar gaba ce. Na dafa masa shayi mai kauri, na haɗa da goro, alhali duka biyun tunzura zuciya suke yi.

A asibiti, gwajin ECG mai auna bugun zuciya ya nuna ɗakunan zuciya na sama karkarwa suke yi maimakon bugu. A haka jini kan kwanta ya daskare, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Allah ya kiyaye. An ba shi amiodarone, maganin daidaita bugu, ta jijiya, aka mayar da bisoprolol, aka ƙara maganin hana daskarewar jini. Wasu sai an sa su barci an ja zuciyar da lantarki. Wanda bugunsa ya yi sanyi ƙwarai, na'ura mai batir ake dasa masa ƙarƙashin fata.

Ku koyi ƙirga bugu. Yatsu biyu a wuyan hannu, minti ɗaya cur. Na mai hutu 60 zuwa 100 ne, ko da yake bisoprolol kan sauke shi kaɗan. Ku rubuta kullum, likita zai so gani. Suma, jiri, haki ko ciwon ƙirji kuwa, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare.

Aspirin da clopidogrel su ke hana sitent toshewa, kada ku bari kwalinsu ya ƙare kafin ku sayo wani. Batun azumi kuma, a tambayi likita tun Sha'aban.