Yadda na yi fama da "its" da "it's" a ajin masu shirin WAEC

Ina koyar da Turanci da yamma a Tudun Wadan Zariya, a wani ɗakin lesin da 'yan ajin ƙarshe na sakandare ke zuwa bayan la'asar don shirin WAEC da NECO. A jarrabawar WAEC insha'i maki 50 ne: 10 na abin da yaro ya faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, sai 10 na tsabtar rubutu, wato nahawu da rubuta kalma daidai da alamomi. A wannan kashi na ƙarshe rabin maki ake zarewa a kan kowane kuskure. Ke nan kuskure 20 cikin kalmomi 450 ya isa ya cinye goman nan tas. Da na zauna ina duba takardun yarana, sai na ga ɗan waƙafin saman nan da Turawa ke kira afostirofi shi kaɗai yana kwashe musu kaso mai tsoka.

Da farko abin da kowane malami zai yi na yi. Na rubuta a allo cewa "its" na mallaka ne, "it's" kuma "it is" ne aka taƙaita. Kowa ya gyaɗa kai, suka kwafa a littafi. Mako ya zagayo na ba su insha'i a kan makarantarsu, sai ga "the school and it's teachers" a takarda bayan takarda, har a wurin waɗanda nake tinƙaho da su.

Wata yarinya ce ta warware mini matsalar. Da na miƙa mata takardarta da jan biro a kai, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai kai ka koya mana cewa abin mallaka waƙafin sama ake sa masa. Mun rubuta 'Musa's book', ka ce daidai. Mun rubuta 'the dog's tail', ka ce daidai. To me ya sa 'it's tail' ya zama laifi?" Na ce mata, "Ke dai zauna, tambayarki ta fi amsar da ke allon nan." Domin gaskiya ta faɗa. Yaran nan ba rashin sani ke sa su kuskuren ba, doka suke bi, dokar da aka cusa musu tun firamare, sun kai ta inda ba ta aiki. Malamin da ya ɗauka sakaci ne zai yi ta faɗa har muryarsa ta dishe, babu abin da zai sauya.

Kuma tunanin yarinyar yana da tarihi a bayansa. Kalmar "its" ba tsohuwa ba ce a Turanci, sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ta fara bayyana. Kafin nan "his" ake amfani da shi ga namiji da kuma abin da ba mutum ba, shi ya sa a fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 za ka ga an yi wa gishiri "his". Da sabuwar kalmar ta shigo, mutane da yawa da waƙafin suke rubuta ta. Thomas Jefferson haka yake yi a wasiƙunsa. Tsarin mulkin Amurka na 1787 ma, a kashi na 10 na babin farko, yana ɗauke da "it's inspection Laws" da ma'anar mallaka. Sai daga baya masu nahawu da maɗaba'u suka raba aikin, suka bar wa taƙaitawa waƙafin. Na ba su wannan labari don su daina jin kansu dolaye, amma na ja musu kunne cewa mai duba takardar WAEC ba ruwansa da Jefferson.

Abin da ya fara aiki shi ne da na raba "its" da "Musa's", na mai da shi cikin danginsa na asali. Na jera a allo: his, hers, ours, yours, theirs, its. Na tambaye su wa ya taɓa rubuta "hi's". Suka kwashe da dariya. Na ce to duk gida ɗaya suke, kuma a gidan nan babu mai sa hula. Suna ne ke ɗaukar waƙafin mallaka, wakilin suna ba ya ɗauka. Akwai "one's" da ya fita zakka, na ambata shi a gurguje na wuce, don ba kasafai suke amfani da shi ba.

Na biyu kuwa, wanda ya fi tasiri, karatu ne da ƙarfi. Na kafa doka a ajin cewa duk mai karanta insha'insa, in ya zo kan kalma mai waƙafin sama, sai ya buɗe ta gaba ɗaya. Yaro ya miƙe ya karanta "the dog wagged it is tail", ajin ya ɗauki ihu, shi kansa ya ji abin bai zauna ba tun kafin in buɗe baki. Haka "you are book", haka "the man who is car was stolen". Dabara ɗaya ta kama "your" da "you're", ta kama "whose" da "who's", ta kama "they're". Abin da na ƙara musu kawai shi ne "it's" kan tsaya a madadin "it has", kamar a "it's been raining", don kada su buɗe da "is" su ji bai yi ba su goge abin da yake daidai.

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu Hausawa musamman. A rubutunmu na boko wannan alama harafi ce, sauti take wakilta: sana'a, ma'ana, 'ya'ya. Cire ta, ka ɓata kalmar. Saboda haka yaron da ya saba da ita a Hausa ba ya kallonta a matsayin shaidar cewa an cire wani harafi, a wurinsa wani ɓangare ne na jikin kalma da za a haddace. Sai da na nuna musu a fili cewa a "you're" waƙafin yana zaune ne daidai gurbin "a" da aka cire, a "it's" kuma gurbin "i", kafin wasu su gane ba ado ba ne.

Sannan mu ma muna da namu irin wannan ciwon. Duba abin da ake rubutawa a Facebook da WhatsApp: "nasa hula" alhali mutum yana nufin "na sa hula". Ɗaya mallaka, ɗaya wakilin suna da aikatau, rikici iri guda. Sai dai mu kunne yana ɗan agaza mana, don "sa" na sanyawa ana jansa, na mallaka kuwa gajere ne. A Turanci babu wannan gata. "Its" da "it's" furuci ɗaya ne sak, shi ya sa 'yan Ingila da Amurka da aka haifa cikin harshen suke tafka kuskuren kamar kowa. Wayar hannu kuma ta ƙara dagula lamarin, kana rubuta "its" ta liƙa masa waƙafi da kanta, ido ya saba da ganinsa haka.

Ga yaran da Turancinsu ke rawa, na ba su hanyar kauce wa rami. A wasiƙar hukuma da insha'in muhawara da rubutun jarida ba a son taƙaita kalmomi ko ta yaya. To in haka ne, a irin waɗannan takardu kada "it's" ko "you're" ko "who's" su fito ko sau ɗaya. In "it is" kake nufi, rubuta shi cikakke. Wani abokin aikina yana ganin wannan gudun karatu ne. Ni ban yarda ba. Yaron da saura wata biyu ya shiga jarrabawa maki yake buƙata, kuma ba ta hana shi koyon dokar ba, tunda a takardar zaɓi-ɗaya da wasiƙar zumunci zai sake haɗuwa da ita.

Inda dabarar buɗe kalma ta gaza shi ne tsakanin "their" da "there", don babu mai waƙafi a cikinsu. Nan sai na koma ga ido: "there" na ɗauke da "here" a cikinsa, dukansu wuri suke nunawa. Wasu sun kama, wasu har yau suna haɗa su, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi daɗewa a takardun ajina. Shi ya sa yanzu nake sa su ware minti biyar na ƙarshen kowane insha'i, su bi takardar layi-layi ba don ma'ana ba, suna farautar waƙafin sama da duk kalmar da ta fara da "the" ta ƙare da "r" ko "re".