Daren da Fuskoki Suka Ɓace a Kan Allo

Na bar aikin hayar majigi da allo a ƙarshen watan jiya, kuma tun da labari ya bazu abokan sana'a a nan Kano daga Zoo Road har Hotoro suke ta kira suna tambayar dalili. Wasu sun ce kuɗi ne, wasu sun ce wani wuri na samu. Waɗanda suka halarci nunin fim ɗin nan na bara sun san inda zuciyata ta fara fita daga wurin. Saboda sauran nake rubuta wannan, musamman yaran da suka shigo bayanmu, domin abin da ya same ni yana jiran duk wanda za a haɗa kwamfutarsa da allon da ba shi ya gwada ba.

Wani furodusa ne ya kama zaure a Nassarawa don ya nuna wa masu zuba kuɗi sabon fim ɗinsa kafin a sake shi. Fim ne da rabinsa dare ne: tsakar gida da fitilar ƙwai, lungunan cikin birni bayan isha'i, soro mai duhu inda dattijo yake yi wa ɗansa faɗa. An ɗauke shi a kan hoto 25 a daƙiƙa, yadda aka saba a nan tun zamanin tsarin talabijin na PAL. Ana gobe taro na kai majiginmu mai kyau zauren na haɗa shi da laftof. Manhajoji uku ne ke aiki a cikinta: MPC-HC ne ke buɗe fim, LAV ke warware shi, madVR kuma shi ke zuba hoton a kan allo. Na sa madVR ya riƙa juya majigin zuwa 50Hz, wato bugun allo 50 a daƙiƙa, da kansa da zarar fim ya tashi, saboda 25 tana shiga 50 sau biyu cif, kowane hoto zai zauna a allo daidai lokacin da ɗan'uwansa ya zauna. Sai na koma kan ma'aunin haske, wato lambobin da ke nuna baƙi zuwa fari. madVR ya fitar da 0 zuwa 255, katin hoto ya wuce da shi bai taɓa ba, majigi ma na shiga cikinsa na gaya masa cikakken ma'auni zai karɓa. Na ɗora hoton gwaji na baƙi, mai sanduna masu lamba, ina juya haske har sanda ta 17 ta riƙa ƙyaftawa da kyar, ta 16 kuwa ta narke cikin baƙi. Darakta ya zo bayan magariba ya zauna ya kalli fitowar soron nan. Da ya tashi ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, haka na gan shi a situdiyo."

Ranar taro da la'asar maigida ya kira ni. Wani taron siyasa ya taso a wani gefen gari, kuɗinsu ya fi tsoka, kuma majigin nan suke so. Na ce, "Oga, shi na gwada, darakta ma a kansa ya gani." Ya ce, "Majigi ai majigi ne. Je ka kwance shi ka kai musu ka haɗa, zan tura ɗan yayata da tsohon." Na roƙi a bar ni in fara gwada tsohon ko na minti goma ne. Ya ce lokaci ya ƙure, kuma ba ni nake ba shi umarni ba. Bai gaya mini an nemi talabijin biyu a ɓangaren mata ba, balle in san za a sa akwatin raba hoto tsakanin laftof da majigi.

Ko da na dawo daga wancan taron fim ya yi nisa. Tun daga bakin ƙofa na ga ɓarnar. A fitowar soro ba a ganin komai sai idanun dattijo da farar hularsa, fuska ta tafi gaba ɗaya. Da aka fito rana, aikin zaren da ke jikin farar babbar riga ya shafe, ta koma farin fili. Da waƙa ta zo, kyamara na bin 'yan rawa a hankali, sai hoton ya riƙa ɗingishi. Darakta yana tsaye a baya ya riƙe kai, wasu manyan baƙi sun riga sun fice.

Ga abin da ya faru a cikin waya, domin wannan ne ya kamata kowa ya haddace. Kusan duk bidiyo, daga DVD har abin da ake ɗorawa a YouTube, baƙinsa yana lamba 16 ne, farinsa 235. Kwamfuta kuwa da 0 zuwa 255 take aiki. Dole wani ya buɗe ma'aunin, amma sau ɗaya tak, ko manhaja ko allo. Tsohon majigin yana jiran 16 zuwa 235 ne, laftof kuma ta ci gaba da aika masa 0 zuwa 255 yadda na bar ta. Sai aka buɗe sau biyu. Duk abin da ke tsakanin 16 da kusan 30 a ainihin fim ya nutse cikin baƙi, duk abin da ya haura kusan 218 ya ƙone ya zama fari. Idan akasin haka aka samu, wato ba wanda ya buɗe, baƙi ya koma toka-toka, hoto ya dushe kamar ana kallon Dala ta cikin hazon hunturu. Wannan na biyun mutane suna iya jurewa. Na farkon kuwa mu ya fi cutarwa, saboda a fitowar dare fatarmu a wannan ƙasan ma'aunin take zaune. Fuskar Bahaushe ƙarƙashin fitilar ƙwai ba ta da rarar haske da za a yanke a bar saura. Abin da darakta ya kwana yana nema da fitilunsa, ƙyallin goshi da layin kunci, shi ne farkon abin da kuskuren nan yake cinyewa.

Ɗingishin kuma daga akwatin raba hoto ya fito. Kowane allo yana gaya wa kwamfuta sunansa da abin da zai iya ɗauka ta hanyar EDID. Akwatin ya tsaya a tsakani ya miƙa bayanin da babu 50Hz a ciki, madVR ya nemi 50 bai samu ba, aka zauna a kan 60. Raba 60 da 25 ka ga 2.4. Hoto ba ya zama rabin bugu, don haka hotuna biyar suke rabon bugu goma sha biyu, wani ya samu biyu wani uku. Mutum yana zaune yana magana ba za ka lura ba, amma kyamara ta fara tafiya gefe, ido zai kama.

Na nemi a tsayar da fim. Na mayar da fitarwar madVR zuwa 16 zuwa 235, na kunna tsarinsa na haɗa hotuna biyu idan lissafi bai fita ba, wanda ke ɗan rage kaifi amma ya kashe ɗingishi. 'Yan mintuna ne, fuskoki suka dawo. Ina tashi daga kan laftof na ji muryar maigida a gaban furodusa da jama'a: "Alhaji, a yi haƙuri. Yaron nan ne da iyayinsa, ya cika kwamfutar da tarkace. Da VLC aka sa da ba a yi haka ba." VLC manhaja ce mai kyau, ni ma ina amfani da ita, amma ba ita za ta sa akwatin raba hoto ya karɓi 50Hz ba, kuma ba ita ta ɗauke majigi daga zaure ba. Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. A wajenmu ƙarami ba ya ƙaryata maigidansa a bainar jama'a, ya kuwa san haka, da shi ya yi amfani. Rangwamen da ya yi wa furodusa daga albashina ya cire shi. Ɗan yayarsa ko kallon banza ba a yi masa ba, kuma ban ga laifin yaron ba, abin da aka ce ya haɗa ya haɗa.

Tun daga ranar ban ƙara gama gwaji ba sai na ɗauki hoton lambar jikin majigi, da hoton kowane shafi na saitinsa, na tura wa mai taro ta WhatsApp tare da jimla ɗaya: a kan wannan na'ura aka gwada, idan aka canza ta sai an sake gwaji. Maigida ya ce rashin yarda ne. Ban musa ba. Ku ma ku riƙa yi, ko da maigidanku mutumin kirki ne, domin ranar da kuɗi ya kira daga wani zaure ba a tuna wanda ya kwana yana daidaita sanda ta 17.

Sauran abubuwan da na koya ba su zo da zafi irin wannan ba. Ku saba da danna Ctrl da J a madVR, ku bar fim ya yi tafiya kuna kallon lissafin hotunan da suka zube da waɗanda aka maimaita. Ido yana yaudara a ɗaki mai haske, wannan lissafin ba ya yi. Saitin da ya yi lafiya lau a ɗaki mai sanyi zai iya zubar da hoto a zafin Afrilu cikin rumfa, saboda katin hoto yana rage gudu idan ya ɗau zafi, don haka kada a ɗora masa NGU, tsarin madVR na faɗaɗa hoto mai nauyi, don burgewa. A hoto 25, raba daƙiƙa ɗaya gida 25, kowane hoto yana da miliseƙan 40 ne kawai, a bar masa rara mai yawa. Laftof ma idan wuta ta ɗauke ta koma batir kafin a tada janareta, ƙarfinta yana sauka, a duba wannan tun kafin baƙi su zauna.

Kada a kwafi allon laftof zuwa majigi. A shimfiɗa shi a matsayin allo na biyu a kai fim can, domin manhaja bugun allo ɗaya take iya bi, ɗayan sai ka ga hoto ya tsage a tsakiya.

Tsofaffin finafinanmu na DVD, masu 720 da 576, a kan lissafin launi na BT.601 suke. Idan edita ya faɗaɗa su zuwa 1080 bai juya launi ba, manhaja za ta ɗauka BT.709 ne, jan atamfa ya karkata zuwa ruwan goro, kore ya yi duhu. Ana gyarawa a madVR ba sai an koma situdiyo ba.

Tun iPhone 12 ta 2020 wayoyin nan suna ɗaukar HDR, wato bidiyo mai faɗin ma'aunin haske, ba tare da mai waya ya sani ba. Ƙawar amarya za ta miƙo maka bidiyon kamu ana saura kaɗan a fara dina, a majigi ya fito a koɗe. A nemi bidiyon tun ana jibi.

Talabijin sabuwa daga kwali, a kashe mata ƙarin santsin motsi da yankan gefen hoto da launin nan mai ihu na shago. Wayar HDMI mai tsawo, a gwada ta a Beirut Road a gaban mai shago kafin a biya. Walƙiyar fitila a bidiyon da aka ɗauka da hoto 30 ƙarƙashin wutarmu ta 50Hz, ba saitin da zai cire ta, a gaya wa mai ita gaskiya. madVR ɗin ma, na ƙarshe da aka saki wa kowa a matsayin kammalalle shi ne 0.92.17 na 2018, don haka yara su koyi mpv, wata manhajar kallon fim, tun yanzu.

Daraktan nan ya neme ni daga baya da kansa, ba ta hannun kamfani ba. Ya ce ya ga wanda ya gyara kuma ya san wanda ya ɓata. Yanzu duk fim ɗin da zai nuna ni nake haɗa masa, kuma ta bakinsa wasu biyu suka zo. Kuɗin da aka yanke mini kuwa na tuna wa maigida ranar da na yi masa sallama. Ya ce zai duba littafi. Har yau ina jira.