Inda na kwana da ƙwarin da suka manne wa lemun tsami da gwaibata

Assalamu alaikum 'yan uwa masu dashen itatuwa a gida. Ga inda aka kwana a yaƙin da nake da ƙwarin nan masu manne wa reshe da bayan ganye, waɗanda in ka kalle su ba za ka ce abu ne mai rai ba, ba sa tafiya ba sa tashi, 'yan ƙulle-ƙulle ne kawai ruwan ƙasa ko farare a jere a jijiyar ganye. Lemun tsami ne ya fi jin jiki a wurina, sai gwaiba, mangwaron kuwa reshen ƙasa kaɗai suka taɓa.

Ga wanda bai riga ya gane su ba, alamar farko yawanci ba ƙwaron za ka gani ba, ganye za ka ga ya yi baƙi ƙirin yana danƙo. Ƙwaron yana soka bakinsa ya tsotsi ruwan bishiya sai ya riƙa fitar da ruwa mai zaƙi, irin darɓar nan da manoma suka sani a dawa da gyaɗa, a kan darɓar ne baƙin yake tsirowa ya rufe ganye ya hana shi samun rana. Baƙin ba ya shiga cikin ganyen, in ka goge da jiƙaƙƙen tsumma za ka ga kore a ƙasa. Amma fa ba dukkansu ke darɓa ba. Akwai masu tauri 'yan firit da ke lafewa a jikin reshe har da kan ɗan lemun, su ba danƙo ba baƙi, sai dai ka ga ganye na rawaya yana zuba, kan reshe na bushewa. Na samu iri biyun a bishiya ɗaya.

Abin da na fi so ku riƙe daga wannan rubutun shi ne maganar tururuwa da kiyashi. Duk bishiyar da ka ga layinsu na hawa da sauka ba dare ba rana, leƙa bayan ganyenta. Su darɓar suke sha, don haka tsaron ƙwarin suke kamar makiyayi da shanunsa, duk abin da ya zo zai ci su sai su kore shi. Kuma masu cin nasu suna nan a gidajenmu, akwai ɗan ƙwaron nan mai zagaye ja ko ruwan goro mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya, shi da 'ya'yansa cin su suke, akwai kuma wasu ƙananan zanzaro da ido da ƙyar yake ganinsu, suna saka ƙwai a cikin jikin ƙwaron ɗan ya cinye shi ta ciki. In ka ga ɗan rami zagaye a bayan ɓawon ƙwaron, to aikinsu ne, kar ka taɓa wannan reshen da guba.

Shi ya sa na fara da tare hanya. Na datse duk reshen da ya taɓa katanga ko ƙasa, na naɗa leda mai kauri a gindin bishiyar na ɗaure ta sosai, na shafa girisi a kan ledar. A kan ledar fa, ba a jikin bishiyar ba, girisi ko baƙin mai yana ƙona ɓawon ƙaramar bishiya har ya kashe ta. Matsalar ita ce ƙura, da hunturun nan girisin yana saurin bushewa ya zama gada, dole a riƙa leƙawa ana sabuntawa, kuma a riƙa sassauta ɗaurin kar ya shaƙe gindin.

Rassan da suka cika maƙil ban tsaya jinyarsu ba, na yanke na ƙona. Kar a jefar da su a gindin wata bishiyar don Allah. Sauran inda hannuna ya kai na bi da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu na goge, aiki ne mai cin rai gaskiya, wuya da kafaɗa duk sai sun faɗa maka, amma a ƙaramar bishiya ba abin da ya kai shi saurin nuna sakamako.

Sai feshin mai. Haɗin da nake yi: kofi 2 na man gyaɗa, rabin kofi na sabulun ruwa na wanke-wanke, a zuba a gora a girgiza har ya yi fari ya yi kauri. Daga wannan haɗin cokali 1 na cin abinci ake sawa a ruwa lita 1, ba fiye ba. Wanda ya samu man darbejiya zai iya sa ƙaramin cokali 1 zuwa 2 a lita da ɗan sabulu kaɗan don ya haɗu da ruwan. Man ba guba ba ne, toshe musu numfashi yake, saboda haka duk wanda bai jiƙa ba ya tsira, sai an bi bayan ganye da saƙon rassa an jiƙa su sharkaf. Da yamma nake yi bayan la'asar sakaliya in rana ta yi sanyi, kuma sai na tabbatar bishiyar ta sha ruwa tun jiya. Mai da zafin rana ba sa jituwa, wanda ya fesa da tsakar rana a watan Afrilu zai wayi gari ganye ya ƙone. A fara gwadawa a reshe ɗaya a bar shi kwana biyu a gani. Garin sabulun wanki kuma a bar shi, yana da kaifi. In bishiya na fure ma a dakata saboda ƙudan zuma da furen kansa.

Feshi ɗaya ba ya gamawa, dalili kuwa ƙwai suna ɓoye a ƙarƙashin uwar, in sun ƙyanƙyashe 'ya'yan suna fitowa da ƙafafu suna yawo na ɗan lokaci kafin su samu wuri su kafe su yi ɓawo. Wannan lokacin ne suka fi sauƙin kashewa, kuma a lokacin ne iska ke kwasarsu zuwa bishiyar maƙwabci. Na naɗa salatif a wasu rassa ɓangaren danƙon yana waje, in na ga 'yan ɗigo-ɗigo rawaya sun manne na san sun fito, sai in maimaita. Tsakanin feshi da feshi ina barin kwana 10 zuwa sati 2.

Wani abu da ke karya wa mutum gwiwa, ko sun mutu ba sa faɗuwa, suna nan manne har watanni. Ka danna da farce, in ruwa ya fito yana da rai, in ya ɓare a bushe to ya mutu. Da wannan nake auna ci gaba na.

Na san wasu za su ce me ya hana a sayo maganin ƙwari mai ƙarfi a fesa a huta. Ni dai ban yarda da shi a nan ba. Ɓawon yana kare manyan, waɗanda ke mutuwa su ne masu cin su, bayan 'yan makonni abin ya dawo ya fi da. Fiya-fiya kuwa ko kusa kar ta je jikin abin da yara za su tsinka su kai baki. Kuma an ga yadda abin yake a manyan gonaki. Farin ƙwaron rogo, ɗan uwan waɗannan ne, ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka a shekarun 1970 ya yi ɓarna ba kaɗan ba, abin da ya kwantar da shi ɗan zanzaro ne da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fara saki a 1981, Hans Herren da ya jagoranci aikin har kyautar abinci ta duniya ya samu a 1995. Na mangwaro ma da ya bayyana a Gana da Togo a farkon shekarun 1980, zanzaron da aka kawo daga Indiya ne ya rage shi. Ko darbejiyar da muke haɗa magani da ita ba ta tsira ba, a shekarun 1980 wani irinsu ya addabe ta a yankin tafkin Chadi.

Sauran abubuwa biyu da na gyara: na rage yuriya, don sabon toho mai laushi da yawa shi suke so, na koma takin gida da ya ruɓe sosai. Sannan ina wanke ƙurar ganye da ruwa lokaci zuwa lokaci tunda ƙura tana takura wa ƙananan zanzaron nan.

Yanzu haka gwaiba ta murmure alhamdulillahi, sabon ganyenta tas yake. Mangwaro tunda na cire reshen ƙasa ban ƙara ganin komai ba. Lemun tsami ne har yanzu da sauran aiki, masu laushin sun ragu sosai baƙin ma yana ɓarewa da kansa, amma masu taurin da ke can cikin duhun rassa in na danna wasu suna ba da ruwa. Abin da ke gabana shi ne in rage cunkoson tsakiyar bishiyar iska da haske su shiga feshi ya samu hanya, kuma ina so in gama kafin zafi ya kama, don da zarar bazara ta shigo zan ajiye mai gaba ɗaya in koma buroshi da tare tururuwa kaɗai. Wanda zai sayo sabon dashe a gidan raino kuma ya juya bayan ganyen ya duba kafin ya biya kuɗi, ta nan suka fi shigowa gida.